Yadda ake ɗaukar hoton falwaya da manyan wayoyin wuta, ga mai son farawa

Assalamu alaikum. Tun da na fara nuna hotunan falwaya da nake ɗauka a nan Birnin Kebbi da kewaye mutane ke tambayata wai da wace kyamara nake yi, wasu ma cewa suke ai ba nan ba ne, hoton ƙasar waje ne na kwaso. To wallahi nan ne, wasu ma a bakin titin da kuke bi kullum zuwa kasuwa na ɗauke su, abin dai shi ne ido ya saba da falwaya har ya daina ganinta. Na yi shekaru ina wannan abin don sha'awa kawai, ba sana'ata ba ce, kuma ni ba ma'aikacin wuta ba ne, amma na ɓata hotuna masu yawa kafin na gane kan abin, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda nake yi dalla-dalla. Don kar mu rikice, in na ce waya kawai to wayar wuta nake nufi, wadda ke aljihunka kuwa zan ce wayar hannu.

KAYAN DA ZA KA TANADA

Wayar hannu mai kyamara. Wadda kake da ita ta isa ka fara, ko Tecno ce ko Infinix ko Redmi. In tana da Pro a cikin kyamararta, wato sashen da kai da kanka kake saita haske da fokas, to alhamdulillahi, in tana da ido na biyu mai jawo nesa ya fi. Wanda ke da babbar kyamara ya nemi lens mai jawo nesa, kamar 70 zuwa 300mm, don rabin wannan aikin daga nesa ake yinsa.

Mariƙi mai ƙafa uku, gajere. In babu, ka cika tsohuwar safa da shinkafa ko gero ka ɗaure bakin, ka ɗora a kan kujerar babur ko katanga ka jingina wayar hannun a kai, ba ta motsi ko kaɗan. Ni da ita na yi kusan shekara biyu.

Ƙyalle mai laushi na goge gilashi, irin wanda ake bayarwa da tabarau. Leda mai zif ta saka wayar hannu saboda ƙura. Fawa bank. Ruwan sha, hula, da takalmi rufaffe, don gonaki da fadama akwai ƙaya akwai ƙarangiya, da damina kuma akwai maciji. Katin shaidarka, wannan kam kar ka fita babu shi. Sai ƙaramin littafi da biro.

Abin da ba za ka ɗauka ba kuma: doguwar sandar selfi, lema mai ƙarfe, tsani, da duk wani abu dogo da za a ɗaga sama. Jirgi mara matuƙi shi ma ka manta da shi, a Najeriya sai da izinin hukuma ake tashinsa, ga shi kusa da waya haɗari ne, ga halin tsaro da ake ciki wanda kowa ya sani.

MATAKI NA 1: KA SAN ABIN DA KAKE KALLO

Ba sai ka zama injiniya ba, amma dole ka iya bambanta layuka, don shi zai gaya maka nisan da za ka tsaya da kuma irin hoton da zai fito.

Na cikin unguwa, gajerun falwayoyin nan masu waya huɗu a jere daga sama zuwa ƙasa, su ne ke shiga gidaje. Uku masu wuta ne ɗaya kuma nitiral, ƙarfinsu volt 415 tsakanin waya da waya, abin da ke isa soket ɗinka wajen 230. Sama da su akwai dogayen falwayoyi masu ƙarfe ko katako a gicciye, waya uku a kai kowace zaune kan tangaran, waɗannan su ne 11kV da 33kV, kV ɗaya volt dubu ke nan, su ake ce wa hai tenshan, su ke kai wuta taransifoma da kuma garuruwa irin su Jega da Argungu da Kalgo. Waɗannan duka na kamfanin rarraba wuta ne, wato Kaduna Electric, wanda ke da Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara tun bayan da aka sayar da rassan tsohuwar NEPA, ko da yake har gobe in wuta ta zo yara NEPA suke kira.

Sai kuma manyan turakun ƙarfen nan masu kama da saƙa da ke ratsa daji, su na TCN ne, kamfanin gwamnati mai jigilar wuta a manyan layuka. Mu a nan mun yi sa'a ta wannan fannin, domin layin 330kV da ya taso daga madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, a Birnin Kebbi yake sauka. Daga nan layin 132kV ɗaya ya nufi Sakkwato, wani kuma ya tsallaka iyaka ya bi ta Dosso zuwa Yamai, a 1976 ya fara kai wa Nijar wuta. Wato a gari ɗaya kana da kusan kowane irin turke da ake da shi a ƙasar nan.

Hanya mai sauƙi ta gane ƙarfin layi ita ce ka ƙirga farantan tangaran ko gilashi da ke rataye da wayar. In ka ga wajen uku to 33 ne, wajen tara ko goma 132 ne, in suka doshi ashirin to 330 ke nan, kuma a 330 za ka ga wayoyin biyu-biyu suke tafiya. Siririyar wayar da ke can ƙololuwa babu farantai a jikinta, ta tare tsawa ce. Ka jawo da zum ka ƙirga a allon wayarka, ba wai ka matsa ƙarƙashi kana ɗaga kai ba.

MATAKI NA 2: FITAR FARKO BA TA ƊAUKA BA CE

Ranar farko zagaye kawai za ka yi. Ka hau babur ko keke ka bi hanya a hankali, duk inda wani abu ya ja idonka ka tsaya ka rubuta a littafi: wuri kaza, layin ya miƙe daga ina zuwa ina, rana ta wane gefe take faɗuwa, akwai bishiya ko babu, akwai inda mutum zai tsaya ba tare da ya taka shuka ba. Alkibla za ta taimake ka, ka duba masallacin da ke kusa ka san gabas, shike nan ka san sauran.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Layin Kainji daga kudu ya taso ya nufo arewa, to in ka tsaya ta gabas da shi da maraice, rana za ta faɗi a bayan turakun kana ganinsu a jere ta gefe. Layin da ya yi yamma kuwa, in ka tsaya kana kallon tsawonsa, turakun za su yi ta ƙanƙancewa suna shiga cikin rana. Hotuna biyu ne mabambanta kuma kowane da wurin tsayuwarsa, in ba ka nemo wurin tun da rana ba za ka zo kana ta guje-guje haske yana ƙarewa.

Kuma ka yi tambaya kan lafiyar hanya kafin ka bar gari. Direbobin tasha da 'yan kabu-kabu sun fi kowa sanin inda ake shiga da inda ba a shiga a satin nan. In suka ce kar ka wuce wuri kaza to kar ka wuce, babu hoton da ya kai ranka. Ni mafi yawan hotunana ban yi nisa da kwalta ba.

MATAKI NA 3: SALLAMA KAFIN KYAMARA

Wannan matakin ne masu farawa suka fi rainawa, kuma shi ne ya fi jawo matsala. Ka sani ɓarayin waya da masu kwance ƙarafan turaku da masu satar man taransifoma sun addabi mutane, unguwa sai ta yi wata da watanni a duhu saboda su, a yi karo-karo a gyara a sake sacewa. To baƙo ya zo ya tsaya yana nuna wayar hannunsa ga taransifoma, me kake so a ɗauke shi?

Abin ya taɓa faruwa da ni a wani ƙauye a farkon farawata. Na ajiye babur na shiga gefen gona ban yi wa kowa magana ba, ina cikin ɗauka sai ga 'yan banga biyu da wani dattijo mai gonar. Dattijon ya ce, "Kai yaro, mi kaka nema ga wanga ƙarhe?" Na ce, "Baba ku gafarce ni, hoto nika ɗauka, sha'awa ce kawai." Ba su gamsu ba, kuma gaskiyarsu ce, sai da aka kai ni gaban mai gari na nuna katina na buɗe masu hotunan da ke wayar hannuna ɗaya bayan ɗaya, da na gonaki da na shanu da na faɗuwar rana. Mai gari ya ce, "Ɗana, da ka fara zuwa nan da yaro zan haɗa ka da shi ya kai ka inda ya fi kyau." Kuma haka aka yi a zuwana na biyu.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. A ƙauye na fara zuwa wurin mai gari ko mai unguwa, in cire takalmi in durƙusa in gaishe shi, ranka ya daɗe ga ni ga sunana ga inda na fito ga abin da ya kawo ni, in nuna masa tsofaffin hotuna biyu uku. A gona na yi wa mai gona sannu da aiki in nemi izinin tsayawa a kan kunya ko gefe. A cikin gari na gaida masu shago da 'yan majalisar da ke kusa. In ka gama ka nuna masu abin da ka ɗauka, za ka ga yadda suke mamaki, falwayar da suka yi shekara ashirin suna zama a gindinta.

Wuraren da ba a ɗauka sam: tashar wuta mai shinge, wato sabsteshan, sai da izini a rubuce daga masu wurin. Haka shingen jami'an tsaro, bariki, da gidan gwamnati, ko da falwayar da ke gabansu ta fi kowace kyau. In jami'in Sibil Difens ko ɗan sanda ya tsayar da kai, ka sauke wayar hannun ka yi bayani cikin ladabi, in ya ce goge ka goge. Kuma ka lura da bayan hotonka, falwayar unguwa tana jingine da katangar mutane, kar ka ɗaga kyamara ta leƙa tsakar gida inda mata suke.

MATAKI NA 4: TAZARA

A nan ba na wasa. Babbar wuta ba sai ka taɓa ta ba, tana iya tsallakowa ta iska in abu ya matso kusa. Don haka ba hawa turke, ba hawa bishiyar da ke kusa da waya, ba hawa rufin da waya ta bi ta kansa, ba taɓa wayar da ke ɗaure falwaya da ƙasa, ba jingina da shingen taransifoma.

Doka ta ware wa layin 330kV fili mai faɗin mita 50, wato 25 kowane gefe, na 132kV kuma mita 30, ba a gini a ciki. Ni wannan ma'aunin na mayar ƙa'idata, a wajensa nake kafa mariƙina. Kuma abin daɗin shi ne daga can ɗin hoton ya fi kyau. In ka ratsa ta ƙarƙashin 330 za ka iya jin tana wani ƙara zzzz musamman in akwai laima a iska, wani lokaci in ka taɓa ƙarfen babur ka ji ɗan tsikari, ka wuce kawai kar ka yi zango a wurin.

In ka ga waya ta tsinke tana ƙasa, ka ɗauka da wuta a jikinta ko da unguwar duka babu wuta, don ana iya kawowa a kowane lokaci, ga masu janareto da ke mayar da wuta cikin layi ba su sani ba. Ka tsaya aƙalla mita 10. In ka tsinci kanka kusa da ita kar ka ruga da manyan taku, ka haɗe ƙafafunka ka riƙa jan su a ƙasa kaɗan-kaɗan har ka yi nisa, domin wutar tana bazuwa a cikin ƙasa kuma tazarar da ke tsakanin ƙafa da ƙafa ita ke sa ta bi jikin mutum. Ka kori yara da dabbobi, ka sanar da ofishin wuta.

Hadari kuma, da zarar ka ji tsawa ka tattara. Na san lokacin ne sama ta fi kyau, na sani sarai, amma fili ne fetal ga ƙarfe dogo ga kai a tsaye.

MATAKI NA 5: LOKACI

Tsakar rana ba ta ba da hoto. Sama fari fat, waya ta ɓace a ciki, siminti ya yi fari kamar alli. Lokutan aiki biyu ne, daga fitowar rana zuwa kamar awa ɗaya, sai kuma bayan la'asar sakaliya zuwa kiran magariba. A hunturu nan Birnin Kebbi rana tana fitowa wajen ƙarfe 7 ta faɗi wajen 6 da rabi, da damina kuwa takan wuce 7 kafin ta faɗi. Ka isa wurin da rabin awa kafin lokacin da kake so.

Kowane yanayi da irin nasa. Hunturu shi na fi so, duk da ƙurar da ke cin kaya, saboda hazo yana mayar da rana kamar jan faranti wanda kyamara ke iya kallo ba tare da hoton ya ƙone ba, turakun kuma na kusa baƙi ƙirin, na bayansa toka-toka, na can baya kamar inuwa, har su narke. Da bazara iska mai zafi tana tashi daga ƙasa ta sa duk abin da ka jawo daga nesa ya yi ta rawa, to a lokacin sai da sassafe. Amma bazara tana da nata abin: ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi, don haka waya ta fi yin ciki a watan Afrilu da rana fiye da safiyar Janairu. Ka ɗauki tsakanin turke biyu daga wuri ɗaya a lokutan nan biyu ka jera su, za ka ga bambancin da idonka. Da damina bayan an ɗauke ruwa iska ta wanku, gizagizai sun yi tudu-tudu, fadamar gulbi ta cika, turke ya fito sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a cikin ruwan shinkafa. Da kaka kuma ga zangarniyar gero da dawa da za ka sa a gaba.

MATAKI NA 6: SAITA WAYAR HANNU

Goge gilashin kyamara, amma ka fara hure ƙurar tukuna, in ka goga da yashi a kai ka kankare shi ke nan. Kunna layukan raga da ke raba allo gida tara. Kashe filasha. Kashe duk wani abin gyaran fuska da ƙarin launi. Zaɓi girman hoto mafi girma.

Matsala ta farko da za ka ci karo da ita fokas ne. Waya siririya ce, kyamara ba ta kama ta, sai ta yi ta kai da kawowa a sama. Kar ka taɓa kan wayar a allo, ka taɓa kan turken ko tangaran, ka danne yatsa har ya kulle. In kana Pro ka mayar da fokas na hannu ka ja shi zuwa alamar dutse, wato nesa.

Ta biyu haske. In kana son turke ya fito baƙi a kan jan sama, bayan ka kulle fokas sai ka ja alamar rana ƙasa har launin sama ya fito sosai, kar ka ji tsoron duhun ƙasa, shi ake nema. Ka kashe HDR a irin wannan hoton don yana ƙoƙarin haskaka abin da kake son ya yi baƙi, kuma yakan bar wani farin zobe a gefen wayoyi. In kuwa jikin falwayar kake so, tsatsa da lamba da tsagewar katako, to ka juya rana ta zama a gefenka ko bayanka. A Pro ka bar ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, a ƙasa, 50 ko 100. Mai babbar kyamara ya bar buɗewar lens wajen f/8, kuma kar ya kalli rana ta cikin lens mai jawowa, ya yi amfani da allo.

Ta uku zum. Zum ɗin da ake yi da yatsu biyu yanka hoto kawai yake yi, wayoyi su fito a kakkarye kamar matakala. Ka tsaya a lambobin da wayarka ta rubuta da kanta, 1 ko 2 ko 3. In bai isa ba ka ɗauka haka nan, ka yanke daga baya.

MATAKI NA 7: INDA ZA KA TSAYA

Yanzu aka zo wurin. Kuskuren kowa shi ne ya tsaya a gindin falwaya ya ɗaga wayar hannu sama, sai ta fito kamar za ta faɗi baya. Ka ja da baya sosai, ka riƙe wayar hannun a miƙe, ka daidaita falwayar da ɗaya daga layukan ragar nan. Sai dai in ita kanta a karkace take, kamar yadda da yawa suke bayan iskar farkon damina, to nan ka daidaita da ƙasa ka bar ta da karkatarta, labarinta ke nan.

Ka sa wayoyin su shigo daga kusurwar hoto, ba daga tsakiyar gefe ba, sai su ja ido zuwa ciki. Taku biyu hagu ko dama yana canza komai, don haka kafin ka danna ka yi ta matsawa kana kallon allo har turakun su rabu da juna, kar ɗaya ya hau kan ɗaya, kar kuma kan turke ya shige cikin bishiya. In ka durƙusa ƙasa-ƙasa turken zai fita daga cikin gidaje da ciyayi ya tsaya a sama shi kaɗai. Ka ba sama kashi biyu ƙasa kashi ɗaya, sai in akwai ruwa mai nuna inuwa, nan ka raba biyu daidai.

Turke shi kaɗai ba ya nuna girmansa. Ka jira wani abu ya zo wucewa, amalanken shanu, raƙumi da kaya, mai keke, garken Fulani, kwalekwale a gulbi. Haƙuri ake yi, na taɓa zama fiye da rabin awa ina jiran amalanke ɗaya. In fuskar mutum za ta fito ka nemi izininsa, in daga nesa ne ya zama inuwa to ba damuwa.

Kar kuma ka raina na cikin gari. Falwayar tsohuwar unguwa wadda wayoyin gidaje talatin suka cukurkuɗe a kanta, ga fastocin siyasa an liƙa wani kan wani, ga ragowar filfilon yara a maƙale, ga lasifikar masallaci, ni a wurina ta fi turken daji labari. Tsofaffin na katako ma suna ƙarewa, ana ta maye su da siminti, duk inda ka ga ɗaya ka ɗauke ta yau, ka ɗauki duka tsawonta sannan ka ɗauki lamba ko tambarin da ke jikinta daga inda kake tsaye.

MATAKI NA 8: TSUNTSAYE

Su ne ke sa wa hoton rai. Kurciya da hankaka kullum suna nan, shirwa tana son ƙololuwa, balbela tana bin shanu, gab da damina kuma shamuwa ta iso. Abin da ya sa wuta ba ta kama su shi ne waya ɗaya suke takawa, ba su haɗa ta da wata ko da ƙasa ba. Ka sa gudun shata, wato saurin ƙiftawar kyamara, 1/1000 na sakan ko sama in kana son kama tashinsu, ka danne maɓalli ya ɗauki da yawa a jere ka zaɓa. In wayarka ba ta da Pro, ka yi bidiyo mai inganci ka ciro hoto daga ciki, bai kai ba amma ya fi babu. Don Allah kar ka jefe su don su tashi, kar kuma ka sa yara su yi, dutse yana fasa tangaran.

MATAKI NA 9: BAYAN MAGARIBA

Minti goma sha biyar zuwa ashirin bayan faɗuwar rana sama takan yi wani shuɗi mai zurfi. Ni nakan yi sallah a masallacin da ke kusa in fito in same shi daidai. Wannan a cikin gari ake yi, a unguwar da aka san ka, ba a daji ba. Ɗora wayar hannun a mariƙi ko safar shinkafa, sa taima na sakan 2 don kar hannunka ya girgiza ta, ISO 100, shata sakan 4 zuwa 10, fitilun babura za su zama jan zare da fari a ƙarƙashin wayoyin. Daren da aka ɗauke wuta kuma babu wata babu hazo, daga tsakar gidanku ma za ka iya, ISO 1600, sakan 15, falwayar ƙofar gida ta fito baƙa taurari a bayanta.

MATAKI NA 10: GYARA, AJIYA DA TURAWA

Snapseed kyauta ne kuma ya isa, Lightroom na waya ma yana yi. Fara da miƙar da hoton, sannan yanka, sannan ka rage hasken sama kaɗan. Hannunka ya yi sauƙi a kan ƙarin kaifi, in ya yi yawa kowace waya sai ta yi farin gefe, da gani an san an taɓa. Hoton da sama ta yi fari ba launi kar ka goge shi, mayar da shi baƙi da fari ka ƙara bambancin haske, sau da yawa ya fi na launin.

Ka buɗe folda ga kowane wuri, ka sa kwanan wata a sunan, ka kwafa a wani wurin daban, memori ko kwamfuta ko Google Photos. Wayata ta taɓa faɗawa ruwa a fadama da hotunan damina guda a ciki, har yau ina jin zafin abin.

In za ka tura wa wani ta WhatsApp ka tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton wayoyin su dagargaje. Kafin ka saka a Facebook ko wani wuri ka kashe alamar wuri a saitin kyamara, kuma kar ka rubuta takamaiman inda taransifoma ko turken daji yake, ka ce yankin Argungu ko hanyar Jega ya wadatar, ba ka san wa ke karantawa ba. In kuma a yawonka ka ga turken da aka kwance wa ƙarafa ko falwayar da ta kusa faɗuwa, wannan hoton ba na sakawa ba ne, ka kai wa mai unguwa da ofishin wuta tare da lambar da ke jikin turken.

Satin farko kar ka je ko'ina. Zaɓi falwaya ɗaya a layinku, ka ɗauke ta kullum har kwana bakwai, yau da safe gobe da yamma, yau daga gabas gobe daga yamma, rana ɗaya a durƙushe rana ɗaya daga tsallaken titi da zum na 2. Ranar ta takwas ka jera guda bakwai ɗin a allo, ka buɗe littafinka ka rubuta lokaci da wurin tsayuwar wanda ya fi, da shi za ka fita zagayen mataki na 2.